Banki na rufewa ƙarfe huɗu, amma yaushe ma'aikacinsa ke tashi?

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Kuru, ta ratsa Bukuru zuwa tsakiyar Jos da sassafe, ya san su ko da bai san sunayensu ba. Matasa ne maza da mata, sanye da kwat da takalma masu sheƙi, a tsaye a bakin titi tun gari bai gama wayewa ba, suna jiran mota. A watannin Disamba da Janairu, lokacin da hunturun Filato ke sa haƙora kaɗawa, za ka gan su sun ɗora rigar sanyi a kan kwat ɗin, suna duba agogo. Da yawansu ma'aikatan banki ne, kuma tafiyar da ke gaban wanda reshensa ke cikin Jos ta haura kilomita 20.

Bankunan kasuwanci a Najeriya sukan buɗe ƙofa ga jama'a da ƙarfe takwas na safe, su rufe da ƙarfe huɗu na yamma. Wannan ne ya sa mutane da dama suke ɗauka cewa aikin banki sa'a takwas ne a cikin sanyin na'ura, ga albashi mai tsoka a ƙarshen wata. Kallon kitse ake yi wa rogo. Ma'aikacin da zai buɗe kanta ƙarfe takwas sai ya riga kowa isowa, domin akwai taron safe, akwai fito da kuɗi daga ma'ajiya a ƙirga. Wanda ya rufe ƙarfe huɗu kuwa, a lokacin ne kashi na biyu na aikin ranar yake somawa.

Masana harkar ƙwadago suna da suna ga abin da ake magana a kai, wanda mu masu fassara muka saba mayarwa da “daidaito tsakanin aiki da rayuwa”. Fassarar ba ta taɓa kwanta mini sosai ba, domin kunnen Bahaushe zai tambaya: ashe aiki ba ya cikin rayuwa? Abin da ake nufi dai shi ne, bayan mutum ya ba wurin aiki haƙƙinsa, ko akwai sauran lokaci da sauran ƙarfi da zai ba iyalinsa, da ibadarsa, da zumuncinsa, da jikinsa. Tambaya ta biyu da ke tafiya tare da ita ita ce gamsuwa: shin mutum yana son aikin da yake yi, ko kuwa yana zaune ne kawai domin bai sami inda zai koma ba?

Ba a banza aka soma wannan bayani daga Kuru ba. A wannan gari na ƙaramar hukumar Jos ta Kudu ne Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabaru ta Ƙasa, NIPSS, take, wadda aka kafa a 1979. Kowace shekara manyan jami'an gwamnati, da hafsoshin tsaro, da wakilan kamfanoni da na ƙwadago sukan shafe wata goma a cikinta suna nazarin manufofin ƙasa. Matsalar ma'aikacin bankin da ke jiran mota a bakin titin garin, irin wadda ake tattaunawa ce a cikin waɗannan zaurukan: ba ta lalaci ba ce, ba kuma ta rashin iya tsara lokaci ba. Ta samo asali ne daga yadda aka gina harkar banki a shekaru ashirin da suka wuce, da kuma giɓin da dokar ƙwadago ta bari.

Bayan an rufe ƙofa

Idan mai gadi ya ja ƙofa, ana ci gaba da sallamar waɗanda suka riga suka shiga. Daga nan kowane kashiya zai zauna ya daidaita lissafinsa, wato kuɗin da ke cikin aljihun teburinsa dole ya yi daidai da abin da kwamfuta ta nuna, har kwabo. In an sami giɓi, ba mai tashi sai an gano inda ya shiga, in kuma ba a gano ba, sau da yawa daga albashinsa za a cire. Bayan haka sai a mayar da kuɗi ma'ajiya, wadda a ƙa'ida mutum ɗaya ba ya buɗe ta ko ya rufe ta shi kaɗai. Sai a zuba kuɗi a na'urorin ATM, a duba ƙorafe-ƙorafen waɗanda aka cire musu kuɗi na'ura ba ta ba su ba, a aika rahoton rana zuwa ofishin shiyya ko hedikwata a Legas. Idan intanet ɗin banki ya tsaya da rana, aikin da ya taru da dare za a yi shi.

Ƙarshen wata ya fi haka nauyi, ƙarshen shekara kuma ya fi ƙarshen wata. Makon da Kiristocin Filato ke haramar Kirsimeti shi ne makon da ake shirin rufe littattafan shekara. A watan azumi, ba baƙon abu ba ne Musulmin ma'aikaci ya sha ruwa a kan teburinsa. Wanda ke riƙe da makullin ATM kuwa, Asabar da Lahadi da ranakun hutun Sallah duk ana iya kiran sa, domin na'ura ba ta san hutu ba, kuma lokacin buki ne ta fi saurin ƙarewa.

A Jos akwai ƙarin wani abu da ma'aikacin wasu biranen bai cika tunaninsa ba. An daɗe da hana acaɓa a Jos da Bukuru, kuma rikice-rikicen da birnin ya sha tun daga Satumbar 2001 sun koya wa mazauna cewa akwai sa'o'in da ba a son mutum ya kai yana kan hanya, akwai kuma lokutan da dokar hana fita kan sauko ba shiri. Wanda ya tashi aiki bayan isha'i, ga doguwar hanya zuwa Kuru ko Vom, ba gajiya kaɗai yake ɗauke da ita ba, har da zullumi, shi da waɗanda ke jiran sa a gida.

Inda nauyin ya samo asali

Harkar banki ta shigo Filato ne a bayan kuza. Bankunan Turawa da ke hidimar kamfanonin haƙar ma'adinai su ne daga baya suka zama First Bank da Union Bank. Tsofaffin ma'aikata suna tuna zamanin da aikin banki yake kamar aikin gwamnati: ka shiga da ƙuruciya, ka hau mataki-mataki, ka yi ritaya a wuri guda. Jihar ma ta taɓa samun bankin da hedikwatarsa ke Jos, wato Lion Bank.

A ranar 6 ga Yulin 2004 gwamnan Babban Bankin Najeriya, CBN, na lokacin, Farfesa Charles Soludo, ya sanar cewa kowane banki sai ya mallaki jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka koma 25. Diamond Bank ya haɗiye Lion Bank, shi ma daga baya ya narke cikin Access Bank a 2019. Bank of the North na Kano ya shiga cikin bankunan da suka haɗu suka zama Unity Bank. Gyaran ya samar da bankuna masu ƙarfi, wannan ba a musu. Amma duk inda banki biyu suka haɗu, an sami manaja biyu a kujera ɗaya, rassa biyu a titi ɗaya, kuma ɗaya ne zai rage. Hukunci kan makomar ma'aikacin Jos ya koma hannun mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Daga nan guguwa ta riƙa bin guguwa. A 2009 Sanusi Lamido Sanusi ya tuɓe shugabannin bankuna takwas, CBN ya zuba naira biliyan 620 don ceto bankunan da suka jigata, sallamar ma'aikata ta biyo baya. A 2015 gwamnatin Muhammadu Buhari ta tilasta amfani da Asusun Bai-Ɗaya, TSA, kuɗaɗen ma'aikatu da hukumomin tarayya suka bar bankunan kasuwanci suka koma CBN. A 2016 korar ta yi yawan da Ministan Ƙwadago, Dakta Chris Ngige, ya umarci bankuna su dakata. A watan Mayun 2020, ana tsakiyar annobar korona, sai da CBN da kwamitin shugabannin bankuna suka fito suka ce kada wani banki ya sallami ma'aikaci ba tare da amincewar babban bankin ba. Wanda ya ga waɗannan shekaru da idonsa ya koyi darasi ɗaya: kujerarsa aro ce. Mai irin wannan tunani ba ya duba agogo ya miƙe alhali maigidansa na zaune.

Taget

Kalmar da ta fi kowace hana ma'aikacin banki barci ita ce wadda suke kira taget, wato adadin kuɗin ajiya, da sababbin asusu, da rancen da aka ɗora wa mutum ya kawo a wata ko a wata uku. Domin a gane dalilinta, sai a dubi yadda banki ke cin riba. Kuɗin da ɗan kasuwa ya zuba a asusun yau da kullum kusan ba ya jawo wa banki biyan ruwa, alhali bankin zai ba da shi rance ko ya sayi takardun lamunin gwamnati da shi a kan ruwa mai yawa. Tazarar da ke tsakani ita ce ribar. Sai dai ba duk abin da aka ajiye ne banki ke iya juyawa ba. Akwai kason da doka ta ce a ajiye a CBN, kuma a watan Satumbar 2024 wannan kaso ya kai 50 cikin 100. Ma'ana, a wancan lokacin, a kowace naira ɗari da ma'aikaci ya wahala ya kawo, hamsin ce kawai bankin yake iya kasuwanci da ita. Yunwar ajiya ba za ta taɓa ƙarewa ba a irin wannan tsari.

Hedikwata kan raba adadin ga shiyyoyi, shiyya ta raba wa rassa, manajan reshe ya raba wa mutanensa. Lokacin da ya iso kan matashiyar da ke sashen neman abokan hulɗa a wani reshe na Bukuru, ya zama lamba tsirara, ba ruwanta da cewa tattalin arzikin Filato na albashin gwamnati ne da noma da ƙananan sana'o'i. Za ta bi dillalan kayan gwari a Farin Gada, da 'yan kasuwar Taminus, da masu shanu a kara, da dillalan dankalin Turawa da ke saro kaya daga Bokkos da Mangu. Kuɗin waɗannan mutane na kaka ne, yau ya shigo, jibi ya fita. Kuma tun bayan ƙarancin takardun kuɗi na 2023, da yawansu sun koma amfani da OPay da Moniepoint da PalmPay, ga mai POS a kowace kusurwa. Tafki ɗaya ne, masunta sun ƙaru.

Illar taget ga rayuwar gida ita ce ba shi da lokacin tashi. Kashiya in ya daidaita lissafi ya gama na ranar. Mai taget kuwa, ɗaurin aure wurin aiki ne, taron suna wurin aiki ne, harabar masallaci ko coci bayan an idar ma wurin aiki ne, domin ko'ina ana iya haɗuwa da mai kuɗi. 'Yan uwa da abokai sukan koma jerin waɗanda za a roƙa su buɗe asusu, har wasu su fara ƙin ɗaukar waya. Zumuncin da ya kamata ya zama wurin hutawa ya zama gona. Ga kuma zaurukan WhatsApp na ofis, inda ake neman bayanin abin da kowa ya kawo ko da tsakar dare.

Akwai wani ɓangare da ba a son faɗa a fili. Ƙungiyoyin ƙwadago da na kare haƙƙin mata sun sha kokawa cewa ɗora wa matasan mata adadin da ya fi ƙarfinsu yana jefa su hannun masu kuɗin da ba su da tsoron Allah, kuma batun ya je gaban Majalisar Dokoki ta Ƙasa ba sau ɗaya ba. A Arewa wannan magana ta yi wa mata ma'aikatan banki illa biyu: haɗarin da wasu ke fuskanta, da kuma zargin da ake shafa wa duka, har da mafi yawansu da ke neman halaliyarsu cikin mutunci. Najeriya ta rattaba amincewa da yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, kan cin zarafi da tsangwama a wurin aiki a 2022, kuma yarjejeniyar ta haɗa har da tsangwamar da ta fito daga abokin hulɗa.

Kanta ɗaya, ma'aikata iri biyu

Mai shiga banki yana ganin mutane cikin shiga iri ɗaya, yana ɗauka duk ma'aikatan bankin ne. Ba haka ba ne. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, na ƙarshen 2020 sun nuna cewa bankunan kasuwanci na da ma'aikata kimanin 95,000, kuma kusan 40,000 daga cikinsu na kwantiragi ne, wato sama da mutum huɗu a cikin kowane goma. Adadinsu ya zarce na ƙananan ma'aikatan dindindin.

Ma'aikacin kwantiragi wani kamfani ne na daban ya ɗauke shi, ya turo shi banki. Galibi shi ne kashiya, shi ne mai amsa ƙorafi, shi ne mai yawon buɗe asusu. Miliyoyi na ratsa hannunsa a rana, amma albashinsa bai kama ƙafar na ma'aikacin dindindin da ke zaune kusa da shi ba, kuma yana iya shekara biyar ko fiye a mataki ɗaya. Hanyar tsallakawa zuwa dindindin ƙunci gare ta, domin bankuna da dama kan sanya iyakar shekaru, 26 ko 27, ga sababbin ɗauka. Kafin mutum ya gama haɗa digiri a kan difilomarsa, shekarun sun wuce.

A nan ne maganar daidaito ta fi rauni. Neman hutu, ko ƙin zuwa aiki ranar Asabar, ko cewa yarona ba shi da lafiya zan tafi, duk abubuwa ne da mai tabbacin aiki kaɗai ke iya yi. Wanda za a iya mayar wa kamfanin da ya kawo shi da saƙo ɗaya, shiru ne mafitarsa. A 2022 Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta fitar da ƙa'idoji kan ma'aikatan kwantiragi a bankuna da kamfanonin inshora, waɗanda suka taɓo 'yancin shiga ƙungiya da hanyar ci gaba a aiki. Mataki ne mai kyau, amma ƙa'ida ba ta bin kanta. Ƙungiyoyin ƙwadagon fannin guda biyu, ASSBIFI ta manyan ma'aikata da NUBIFIE ta ƙanana, sun daɗe suna kukan cewa wasu bankuna ba sa barin ƙungiya ta kafu a cikinsu.

Abin da doka ta ce, da wanda ta manta

Dokar Ƙwadago ta Najeriya tun zamanin mulkin soja na shekarun 1970 take. Ba ta ƙayyade yawan sa'o'in aiki a rana ko a mako ba. Sashe na 13 ya bar wannan ga yarjejeniya tsakanin mai aiki da ma'aikaci, ko ga ciniki da ƙungiya, ko ga hukumar tsara albashi. Ya dai ce wanda ya yi aikin sa'a shida ko fiye a ba shi hutun da bai gaza sa'a ɗaya ba, kuma a kowane kwana bakwai a ba shi yini guda cikakke. Ya ambaci aikin ƙarin lokaci, amma bai faɗi nawa za a biya ba. Hutun shekara mafi ƙaranci kwana shida ne na aiki. Hutun haihuwa mako 12 ne, da aƙalla rabin albashi, sannan mai shayarwa tana da rabin sa'a sau biyu a rana. A tambayi kashiyar da layi ya kai bakin ƙofa a gabanta, jaririnta kuma yana Kuru, yadda za ta yi da wannan rabin sa'a.

Babban giɓin yana cikin sashe na 91, inda aka fassara wane ne “ma'aikaci”. Fassarar ta tsaya ga masu aikin ƙarfi da aikin akawu, ta cire masu aikin gudanarwa da zartarwa da na ƙwararru. Ke nan jami'in banki mai digiri, wanda ya fi kowa daɗewa a ofis, kusan abin da ke cikin takardar ɗaukarsa aiki ne kaɗai kariyarsa, kuma banki ne ya rubuta takardar. Idan aka kwatanta da aikin gwamnatin tarayya, inda hutun haihuwa ya kai mako 16, aka kuma amince da kwana 14 ga magidancin da matarsa ta haihu tun 2021, sai a ga cewa a banki wannan ya rage ga ra'ayin kowane banki.

Duniya ta daɗe da wuce nan. Yarjejeniyar farko da ILO ta zartar a 1919 ita ce ta sa'a takwas a rana da 48 a mako a masana'antu, a 1930 kuma aka yi makamanciyarta ga shaguna da ofisoshi. Faransa ta soma aiki da dokar da ta ba ma'aikaci 'yancin kauce wa saƙonnin ofis bayan tashi a 2017. Ba wai bankunan waje aljanna ba ne. A 2021 wasu ƙananan ma'aikatan Goldman Sachs a Amurka sun bayyana cewa suna aikin kusan sa'a 95 a mako.

Jiki magayi

A watan Mayun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, da ILO suka fitar da sakamakon wani bincike da ya nuna cewa a 2016 mutum 745,000 sun mutu a duniya sanadiyyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu alaƙa da aikin sa'a 55 ko fiye a mako. Mai irin wannan aiki haɗarin shanyewar jikinsa ya fi na mai sa'a 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100, haɗarin mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17. Lissafin ba wuya: wanda ke shiga ƙarfe bakwai na safe ya fita bakwai na yamma, kwana biyar a mako, ya yi sa'a 60, ba a sa Asabar ba, ba a sa hanya ba.

Asarar gida ba ta shiga irin wannan ƙididdiga. Uba ya fita yara na barci, ya dawo suna barci. Uwa ta bar tarbiyya a hannun 'yar aiki ko kaka. A al'ummar da ake auna mutum da zuwansa jana'iza da dubiya da gaisuwar rasuwa, wanda ba a ganin sa sai a ce girman kai ne, ko kuɗi sun canza shi. Kuma da yake kowa ya ɗauka yana kwana kan kuɗi, buƙatun dangi a kansa suke sauka.

Albashi da gamsuwa

Dole a yi adalci. Aikin banki na dindindin har yanzu yana cikin mafiya albashi a ƙasar da dubban masu digiri ke zaune ba aiki. Ana biya a kan lokaci, ana horar da mutum, akwai inshorar lafiya da fansho, kuma bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 bankuna da dama sun ƙara albashi. Sai dai hauhawar farashi, wadda ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024, ta cinye mafi yawan ƙarin.

Ko da ba ta cinye ba, albashi ba shi ne gamsuwa ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam Ba'amurke, Frederick Herzberg, ya nuna tun 1959 cewa abubuwan da ke hana ma'aikaci ƙorafi daban, waɗanda ke sa shi son aikinsa daban. Albashi, da tsaron aiki, da halin shugaba suna cikin rukunin farko: in sun lalace mutum zai ƙi aikin, in sun gyaru zai daina kuka kawai. Son aiki kuwa daga ganin amfanin abin da kake yi yake zuwa, da yabo in ka yi daidai, da amanar da aka ba ka, da hangen ci gaba. A ra'ayina, tsarin da ake tafiya a kai yanzu ya raunana duka rukunan biyu ga ma'aikacin kwantiragi, ga na dindindin kuma ya sayi shirunsa ba tare da ya sami zuciyarsa ba. Shaidar hakan ita ce yadda ƙwararru, musamman masu ilimin kwamfuta, suka riƙa barin bankuna zuwa kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya ko ƙasashen waje, har shugabannin bankuna da kansu suka fito suna kokawa a 2022.

Me ya shafi mai ajiya?

Ya shafe shi ƙwarai. Gajiyayyen kashiya shi ne mai tura kuɗi asusun da ba shi ba. Jami'in da taget ya shaƙe shi ne mai rufe ido ya buɗe asusu ba cikakken bincike, ko ya tura takardar rancen da ya san ba zai dawo ba. Hukumar Inshorar Ajiya ta Najeriya, NDIC, ta sha jan hankalin bankuna kan haɗarin damƙa ayyuka masu muhimmanci ga ma'aikatan wucin gadi, saboda yawan fitowarsu a rahotannin zamba. Ba uzuri ake nema wa ɓarawo ba, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hutu kansa makamin tsaro ne: hukumomin sa ido kan bankuna a Amurka sun daɗe suna ba da shawarar a tilasta wa masu riƙe da muhimman kujeru tafiya hutun mako biyu a jere, domin almundahanar da ke buƙatar mai ita kullum yana wurin takan tonu idan wani ya zauna a kujerarsa. Bankin da ke tauye hutun ma'aikacinsa yana rage wa kansa ido ne.

Farkon 2023 ya nuna wa kowa wanda ke tsaye a bakin wuta. CBN ne ya sanar da sauya fasalin naira a ranar 26 ga Oktoban 2022, shi ne kuma bai wadata ƙasa da sababbin takardu ba. Amma ma'aikatan rassa ne suka yi aiki har a ƙarshen mako, su aka zaga, su aka zarga da ɓoye kuɗi. A garuruwa irin su Ibadan da Abeokuta da Benin da Warri an far wa rassa, an farfasa na'urori, an ga ma'aikata na haura katanga don tsira da rai, kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. Akwai waɗanda aka kama da hannu a karkatar da kuɗi, amma mafi yawa ba su da ko sisi da za su ba mutane. Yana da kyau mai karatu ya tuna da wannan ranar da intanet ya tsaya yana kan layi: wadda ke bayan gilashin ba ita ke riƙe da na'urar ba.

Gyaran da ake buƙata ba boyayye ba ne. A faɗaɗa ma'anar ma'aikaci a doka, a sa iyakar sa'o'i da farashin ƙarin lokaci. A ƙayyade shekarun da mutum zai yi a kwantiragi yana aikin da banki ba ya rayuwa sai da shi. A auna taget da ƙarfin kasuwar da reshe yake, domin Bukuru ba Victoria Island ba ce. CBN, wanda ke binciken littattafan bankuna, yana iya tambayar kwana nawa na hutu ma'aikata suka ci a zahiri, ba wanda aka rubuta ba. Lokacin yin haka ya dace, domin a watan Maris na 2024 CBN a ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya sake ɗaga jarin bankuna, naira biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, 200 ga na ƙasa, 50 ga na shiyya, da wa'adin 31 ga Maris 2026. Tarihin 2005 ya nuna wanda ke fara jin zafin haɗewar bankuna.

Kafin nan, ma'aikaci ba shi da hannu wofi gaba ɗaya. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron duk wata ƙarar ƙwadago, har da ikon duba rashin adalci a wurin aiki da kuma la'akari da yarjejeniyoyin duniya da Najeriya ta amince da su, kuma kotun tana da reshe a Jos. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa. Matashin da ya kammala Jami'ar Jos ko kwalejin fasaha ta jiha da ke Barkin Ladi, aka kira shi aiki a banki, abin da zai fara dubawa a wannan takarda shi ne sunan da ke samanta: na bankin ne, ko na wani kamfani. Daga nan ya nemi inda aka rubuta lokacin tashi.